Daular Silabawa da Tarihi Bai Haifa Ba

Wajen shekara ta 965, wani falke Bayahude daga garin Turtusha na Andalus, mai suna Ibrahim ɗan Yakubu, ya ratsa tsakiyar Turai yana rubuta abin da idonsa ya gani. Asalin rubutun ya ɓata, sai guntayen da al-Bakri ya kwafe ya zuba a littafinsa na hanyoyi da masarautu a 1068, wato littafin nan da masu nazarin tarihin Afirka ta Yamma ke dogara da shi wajen sanin tsohuwar daular Gana. A cikin guntayen nan Ibrahim ya yi bayanin mutanen da Larabawa ke kira Sakaliba, mu kuma za mu kira su Silabawa. Ya lissafa musu sarakuna huɗu: na Bulgar a kudu, Bolislab mai birnin Firag, Miyeshko na arewa, da Nakon can gefen yamma. Ya ga Firag gini ne na dutse da farar ƙasa, fatake na shigowa daga kowace kusurwa, ana ciniki da wasu ƙyallaye marasa kauri a madadin kuɗi. Ya ji labarin Miyeshko yana da mayaƙa 3,000 masu sulke da yake biya albashi, har in aka haifa wa ɗayansu ɗa, sarki ne ke ɗaukar ɗawainiyarsa zuwa ranar aurensa. Daga nan sai ya yanke hukunci: ba don rarrabuwar kawunansu ba, da babu al'ummar da za ta iya ja da su.

Wannan "ba don" ta Ibrahim ita ce har yau mutane ke juyawa. Akwai wani fanni na rubutu da wasa da hankali da ake ɗaukar mararraba guda a tarihi, a sauya mata alkibla, sannan a bi sawun abin da zai biyo baya. Masu sha'awarsa suna son batun Silabawa ƙwarai. Za ka ga an zana taswira an shafe ta da launi ɗaya daga tekun Baltik zuwa tekun Girka, an ƙirƙiro tuta da jerin sarakuna. Wasan kwamfuta na Crusader Kings III, wanda ya fito a 2020, har ya tanadar wa mai wasa hanyar haɗa Silabawa duka a ƙarƙashin rawani ɗaya. Zana taswira ba wuya. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce ko akwai lokacin da irin wannan daula ta kusa tabbata, kuma da ta tabbata ɗin, daular wa za ta zama.

Dalilin da ya sa tunanin ke da daɗi a bayyane yake. Masu magana da harsunan Silabawa a yau sun kai wajen miliyan 300: Rasha, Yukren da Belarus a gabas, Polan, Cek da Sulobakiya a yamma, Sabiya, Kuroshiya, Bosniya, Sulobeniya, Masedoniya ta Arewa, Montenegro da Bulgeriya a kudu. A ƙarni na 9 kuwa harshen bai gama rabuwa ba. Shaida ita ce wasu 'yan'uwa biyu daga birnin Tasalonika, Kirilu da Metodiyus, sun ɗauki karin harshen da ake yi a karkarar garinsu, suka yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Morabiya a 863, suka yi wa'azi da shi, aka kuma fahimce su. Jama'a mai yawa haka, harshe kusan ɗaya, ƙasa a manne da juna: me ya hana?

Yunƙurin farko da tarihi ya riƙe ba ya buƙatar dogon zance. Wani ɗan kasuwa Bafaranke mai suna Samo ya jagoranci wasu ƙabilun Silabawa suka yi wa mahayan Abarawa tawaye wajen 623, suka naɗa shi sarki, ya kuma karya rundunar sarki Dagobat na Farankawa a 631. Ya yi shekara 35 yana mulki, ya bar 'ya'ya maza 22 da mata 15. Yana mutuwa wajen 658 masarautar ta bi shi kabari, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Morabiya ce masu wannan wasa suka fi ƙauna. Masarauta ce da ta taso a ƙasar da yau ta zama gabashin Cek da yammacin Sulobakiya. Sarkinta Rastislab ne ya nemi sarkin Rumawa ya aiko masa malamai masu jin harshen jama'arsa, domin ya rage ƙarfin limaman Jamus a fadarsa. Kirilu ya ƙirƙiro haruffa, aka fassara littattafan ibada, har Fafaroma Yohana na 8 ya amince a 880 a riƙa yin ibada da harshen Silabawa. Magajin Rastislab, Sibatopuluk, wanda ya mulki ƙasar har 894, ya faɗaɗa ta ta kowane gefe. Wani littafin Rumawa na ƙarni na 10 ya ba da labarin cewa da zai mutu ya tara 'ya'yansa uku, ya ba su sanduna uku a ɗaure ya ce su karya, suka kasa, ya kwance ya ba su ɗai-ɗai suka karya nan take. Bahaushe zai ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Wa'azin bai shiga ba. 'Ya'yan suka faɗa wa juna, sarakunan Bohemiya, ƙasar birnin Firag, suka ɓalle suka kai caffa ga sarkin Jamus a 895, sannan Majarawa, kakannin mutanen Hungari na yau, suka sauko kan dawakai suka share abin da ya rage. Zuwa 907, lokacin da suka ragargaza rundunar Babariya a Firesbog, Morabiya ta riga ta zama labari.

Masanin tarihin nan na ƙasar Cek a ƙarni na 19, Farantishek Palatski, ya ɗauki zuwan Majarawa a matsayin babbar masifar da ta taɓa auka wa Silabawa, domin sun tsaya a tsakiya sun raba na arewa da na kudu. Daga nan masu zanen taswira suke cewa a cire Majarawa kawai, sauran zai zo da kansa. Ni ban gamsu ba. Filin Hungari shi ne wutsiyar babbar makiyayar da ta miƙe tun daga Mongoliya, kuma duk mahayin da aka koro daga gabas a nan yake sauke kayansa. Hunawa sun yi haka a ƙarni na 5, Abarawa a 568, Majarawa a 895, Mongolawa suka biyo a 1241. Da Majarawa ba su zo ba, Fecenegawa na bayansu, Kumanawa na bayan waɗancan. Ƙari a kan haka, Morabiya ta fara rubewa daga ciki tun kafin a ji ƙarar kofato. Metodiyus na rasuwa a 885, Sibatopuluk da kansa ya bar bishop ɗin Jamus ya kori almajiransa, aka ɗaure wasu, aka sayar da wasu a kasuwar bayi ta Benis. Sarkin da ake so ya zama uban daular Silabawa shi ne ya kori rubutun Silabawa daga ƙasarsa.

Korarrun nan suka gangara kogin Danub suka faɗa Bulgeriya, sarki Boris ya karɓe su hannu bibbiyu. Ɗaya daga cikinsu, Kilimen, ya zauna a Ohirid, inda tarihin rayuwarsa ya ce ya koyar da almajirai 3,500. A Bulgeriyar ne aka tsara haruffan da yau ake kira na Kirilu, bisa siffar haruffan Girkanci, waɗanda Rasha da Yukren da Sabiya ke rubutu da su har gobe. A nan kuma labarin ya kai ga mutumin da, a ganina, shi kaɗai ya taɓa kama ƙofar wannan daula da hannunsa.

Simiyon ɗan Boris ya yi karatu a Kustantiniya, babban birnin Rumawa, wanda kakanninmu suka sani daga baya da sunan Santambul. An shirya shi ne ya zama shugaban coci, sai sarauta ta faɗo masa a 893. Shekara guda bayan haka Rumawa suka ɗauke kasuwar fataken Bulgeriya daga babban birni suka mayar da ita Tasalonika, suka kuma ƙara kuɗin fito. Simiyon ya yi ƙorafi ba a saurare shi ba, ya ɗauki makami. Rumawa, kamar yadda suka saba, suka yi hayar Majarawa su far masa ta baya. Shi kuma ya haɗa baki da Fecenegawa suka auka wa sansanonin Majarawa, abin da ya tilasta musu tsallaka duwatsun Karfat zuwa filin Hungari. Wato masifar da Palatski ke kuka da ita, wani sarkin Silabawa ne ya taimaka ya turo ta, a kan rigimar kuɗin fito.

A watan Agusta na 913 Simiyon ya tsaya da rundunarsa a gindin ganuwar Kustantiniya. Sarkin Rumawa, Kustantin na 7, yaro ne da bai wuce shekara 8 ba, mulki yana hannun majalisar riƙo ƙarƙashin babban limamin coci, Nikolas. Ganuwar kuwa, wadda aka gina tun 413, ba ta taɓa faɗuwa ga mai zuwa ta ƙasa ba, kuma Simiyon ya san da haka tunda a cikinta ya girma. Sai aka zauna sulhu. An shigar da 'ya'yansa suka ci abinci da yaron sarki a fada. Nikolas ya fito ya yi masa addu'a ya ɗora masa wani abu a ka. Marubutan Rumawa sun ce mayafinsa na limanci ya ɗora masa a maimakon kambi, wato an yi wa baƙauye wayo. Da wuya a yarda cewa mutumin da ya yi karatu a fadar nan bai san bambancin mayafi da kambi ba. Abu mafi girma shi ne alkawarin da aka yi: yaron sarki zai auri 'yar Simiyon.

Wannan alkawari shi ne mararrabar gaskiya. Surukin yaron sarki a Kustantiniya shi ne mai mulki. Amma farkon 914 uwar yaron, Zoyi, ta ƙwace riƙon ta warware maganar auren. Simiyon ya rama a fagen fama: ranar 20 ga Agusta 917, a bakin kogin Akelos kusa da Baƙin Teku, ya yi wa rundunar Rumawa kisan da bayan shekaru fiye da 70 wani marubucinsu ya ce har lokacin ana ganin tulin ƙasusuwa a wurin. Nasarar ba ta buɗe masa ƙofa ba. Wanda ya ci ribar ruɗanin shi ne shugaban jiragen ruwan Rumawa, Romanos Lakabenos, ɗan wani manomi Ba'armene. A 919 ya aurar da 'yarsa Helena ga yaron, a 920 aka naɗa shi sarki tare da shi. Abin da Simiyon ya tsara, shi wani ya aikata a gaban idonsa.

Ya gane cewa ba jirage, ba birni. Ya aika manzanni ga halifan Faɗimiyya, Ubaidullahi al-Mahdi, a ƙasar da yau take Tunisiya, da tayin shi ya zo ta ƙasa, su su zo ta ruwa, a raba ganima. A hanyar dawowa Rumawa suka kama jirgin manzannin kusa da kudancin Italiya. Romanos ya tsare Bulgarawan, ya sallami Larabawan da kyaututtuka, maganar ta mutu a nan. A 926 Kuroshiyawa, su ma Silabawa, suka karya wata rundunar Simiyon a duwatsun Bosniya, bayan ya riga ya daidaita ƙasar Sabiyawa. Ya rasu ranar 27 ga Mayu 927.

To, a ce Zoyi ba ta warware auren ba. Simiyon zai shiga birni a matsayin uban sarauniya, ya zama abokin sarauta, ƙasarsa da ta Rumawa su zama a hannu ɗaya daga Danub zuwa iyakar Sham. Yaƙe-yaƙen ƙarni guda da suka ƙare da sarkin Rumawa Basil na 2 yana ƙwaƙule idanun fursunonin Bulgeriya wajen 15,000 a 1014 ƙila da ba a yi su ba, kuma ƙarfin da aka ɓata a Balkan da an juya shi gabas, kan Abbasiyawa da suka riga suka raunana. Wannan canji ne mai girma. Amma a dubi hatimin Simiyon: da Girkanci aka rubuta shi, kuma laƙabin da ya sa wa kansa a kai shi ne sarkin Rumawa. Bai taɓa neman ya zama sarkin Silabawa ba. Baitulmali, kundin haraji, alƙalai, jiragen ruwa, duk suna hannun ma'aikata masu Girkanci da suka gaji aikin tun kaka da kakanni, kuma ba mai mulkin birnin nan sai da su. Mun ma san yadda irin wannan surukuta take ƙarewa, tunda Romanos ya gwada: ya yi mulki har 944, 'ya'yansa suka tumɓuke shi, jama'ar gari suka tashi suka ce su ɗan gidan sarauta suke so, Kustantin ya karɓi gadonsa, aka tura 'ya'yan Romanos gidan sufaye. Romanos ɗan ƙasa ne, kuma shekara 25 kacal ya samu.

Akwai wani abin da masu taswira ba sa son a taɓo. Gidan su Simiyon asalinsu ba Silabawa ba ne. Bulgarawan da Asfaruk ya tsallako da su Danub wajen 680 mahaya ne masu harshe dangin Turkanci, jama'ar da suka mulka ce ta haɗiye su a cikin ƙarni biyu. Gidan sarautar Kiyef daga Sikandinebiya suka fito. Samo Bafaranke ne. Silabawa sun iya haɗiye masu mulkinsu. Kustantiniya ta fi su iyawa, ta yi wa Armeniyawa da Siriyawa da suka hau gadonta haka, kuma ba dalilin da zai sa jikokin Simiyon su tsira.

Na gaba a jerin ya fi kowa ban sha'awa, ya kuma fi kowa rashin tsari. Sibiyatoslab na Kiyef mayaƙi ne da aka ce ba ya tafiya da tukunya ko tanti, sirdi ne matashinsa. Ya rusa daular Hazar wajen 965. Sarkin Rumawa Nikiforos ya ba shi zinariya ya zo ya ladabtar da Bulgeriya, ya zo ya ci ƙasar, sannan ya ƙi tafiya. Tarihin Kiyef ya ce ya faɗa wa mahaifiyarsa Olga cewa shi ya fi son zama a wani gari a bakin Danub, domin can ne tsakiyar ƙasarsa: zinariya da alharini da giya na zuwa daga Girka, azurfa da dawakai daga Cek da Hungari, fatu da kaki da zuma da bayi daga Rus, wato ƙasar Kiyef. A kan taswira, wannan shi ne mafi kusa da mafarkin, ƙasa ɗaya daga Nobgorod zuwa Balkan. Amma jerin nasa jerin ɗan kasuwa ne mai neman mashigar haraji, kuma Bulgarawa sun ga zuwansa a matsayin mamaya, ba zumunci ba. A birnin Filibe an ce ya tsire dubban mutane. Sarkin Rumawa Yohana Zimiskis ya tsare shi a Dorostolon a 971 har ya nemi sulhu. A 972, yana komawa gida, Fecenegawa suka tare shi a gangaren kogin Dinifa suka kashe shi, shugabansu ya sa aka yi masa ƙoƙon sha da ƙwaryar kansa.

Bolislab na Polan ya kama Firag a 1003 aka kore shi a 1004, ya shiga Kiyef a 1018 bai daɗe ba ya fita. A lokacinsa tsagar da ta fi kowace zurfi ta riga ta bayyana: Polan ta karɓi Kiristanci daga ɓangaren Rum ta Italiya a 966, Kiyef ta karɓa daga Kustantiniya a 988, kuma bayan 1054 cocin biyu suka raba gari. Ɗaya na ibada da Latin, ɗaya da tsohon harshen Silabawa, haruffa ma ba ɗaya ba. A zamanin da addini ne ke naɗa sarki, wannan ya fi duwatsun Karfat tsawo.

Sai Istifanus Dushan na Sabiya, wanda ya yi zamani da Mansa Sulaiman na Mali, kuma shi ne gwarzon masu cewa "da ya ƙara shekara goma". Ya hau mulki a 1331. Arzikinsa daga ma'adinai ne, musamman azurfar Nobo Birdo da mahaƙan Jamus ke haƙowa, da ita yake hayar sojoji. Rumawa suka faɗa yaƙin basasa daga 1341 zuwa 1347, shi kuwa ya bi yana tsince garuruwansu, yawanci ba tare da wani babban gumurzu ba, har ya haɗa Masedoniya da Albaniya da arewacin Girka. Ranar 16 ga Afrilu 1346, a Iskofiye, aka naɗa shi sarkin sarakunan Sabiyawa da Rumawa. A 1349 ya fitar da kundin dokoki, ya ƙara masa a 1354.

Birnin da yake hari, Kustantiniya, ya zama kango mai ganuwa. An jinginar da kayan adon sarauta ga Benis a 1343 a kan dukat 30,000, ba a kuma fanso su ba. A bikin naɗin sarki Kantakuzinos a 1347, duwatsun da ke kan kambin gilashi ne, aka kuma ci abincin walima a kwanukan ƙasa da na dalma. Wani marubucin lokacin ya ce 'yan Jenowa da ke unguwar Galata, a tsallaken ruwa, suna karɓar kuɗin fito 200,000 a shekara, birnin kansa yana samun 30,000. Duk da wannan tsiya Dushan bai iya shiga ba, ko Tasalonika ma bai samu ba, saboda ciwon da ya kwantar da Simiyon shi ne nasa. A 1350 ya nemi Benis ta ba shi jirage. Mutanen Benis, da suka fi son maƙwabci mai rauni a mashigar kasuwancinsu, suka karrama shi da takardar zama ɗan gari, suka hana shi jirgi ko ɗaya. Ya rasu ranar 20 ga Disamba 1355, bai kai shekara 50 ba.

Masu son Dushan suna cewa da ya rayu da ya tare Turkawan Usmaniyya, waɗanda suka samu gindin zama a Turai a Maris 1354 bayan girgizar ƙasa ta rushe ganuwar Galiboli. Da haka ta faru, in ji su, da babu yaƙin Kosobo a 1389, babu cin Kustantiniya da Sultan Muhammadu al-Fatih ya yi a 1453. Sai dai sojojinsa sun haɗu da Turkawa sau biyu yana da rai, kuma duk biyun sun sha kashi. A 1344, a Istifaniyana, mahayansa masu nauyin sulke suka kori wasu dakarun Turkawa da ke ƙasa. Turkawan suka haye tudu, Sabiyawa suka sauka daga dawakai suka bi su da ƙafa suna haki, Turkawan suka zagayo da gudu suka haye dawakan suka juyo kansu. A 1352 kusa da Dimotika rundunar da ya aika ta sake watsewa a gaban mahayan Usmaniyya. Wannan ba ya nuna cewa dole ne ya faɗi, amma ya isa ya sa a rage murya.

Abin da ya biyo bayan mutuwarsa ya fi komai bayyana gaskiyar daular. Ɗansa Urosh bai iya riƙe hakimai ba, kowa ya kama gabansa. Ƙanin Dushan, Simiyon Urosh, ya ɓalle da yankin Tesaliya, ya ɗauki sunan gidan sarautar Rumawa na wajen uwarsa, Faliyologos, yana rubuta takardunsa da Girkanci. Ɗansa ya ajiye sarauta ya zama sufi a Meteyora. Ko ƙarni guda ba a yi ba, reshen gidan da ya sauka ƙasar Girka ya zama Bagirke, tun ba a shiga babban birnin ba. A Satumba 1371 Turkawa suka hallaka manyan hakiman kudu biyu a bakin kogin Maritsa, Urosh ya mutu a ƙarshen shekarar ba magaji.

Matsalar gado ita ce zaren da ya ratsa duk labaran nan. A wurin yawancin gidajen sarautar Silabawa ƙasa dukiyar gida ce, uba ya mutu a raba wa 'ya'ya. Sarakunan Rus sun taru a Liyubek a 1097 suka amince kowa ya riƙe gadon ubansa, shi ya sa Mongolawa suka same su ɗai-ɗai har suka ƙone Kiyef a 1240. Sarkin Polan ya raba ƙasarsa ga 'ya'yansa a wasiyyar 1138, aka yi kusan ƙarni biyu kafin a sake ɗinke ta. Usmaniyawa sun warware wannan matsala ta hanya mai muni, wanda ya hau ya kawar da 'yan'uwansa, amma ƙasa ba ta rabuwa. Tunanin cewa harshe ɗaya ya wajabta ƙasa ɗaya kuwa sabon abu ne. Taron farko na haɗin kan Silabawa a Firag aka yi shi, a 1848. Ɗora wannan buri a kan Simiyon ko Dushan sanya musu rigar da ba a ɗinka ba a zamaninsu ne.

Abin mamaki, an yi daular da Silabawa suka riƙe ragamarta daga Kustantiniya, sai dai ba irin wadda ake zanawa ba ce. Usmaniyawa sun riƙa ɗibar yaran Kiristocin Balkan suna musuluntar da su suna horar da su aikin soja da na fada. Ɗaya daga cikinsu, wani yaro daga ƙauyen Sokolobici a Bosniya, shi ne Sokollu Muhammadu Fasha, babban waziri daga 1565 zuwa 1579 a ƙarƙashin sarakuna uku. A zamanin wazircinsa ne manzannin Mai Idris Alauma na Borno suka isa Santambul. Abin da Simiyon da Dushan suka nema da runduna, ɗan ƙauyen Bosniya ya same shi ta ƙofar bauta, kuma ya mulki birnin da Turkanci, da sunan Sultan.

Don haka wanda ke son rubuta wannan labari da gaske, ya bar Morabiya da Dushan, ya koma Agusta 913, ya bar auren nan ya ɗauru. Daga nan aikinsa ya fara: ya faɗa mana wanda zai gaji Simiyon a cikin 'ya'yansa da jikansa na wajen Kustantin, da harshen da za a rubuta kundin haraji, da abin da zai hana jama'ar birni yi masa abin da suka yi wa gidan Romanos. In ya bi amsoshin da gaskiya, daular Rumawa zai samu a ƙarshe, mai gidan sarauta ɗan asalin Bulgeriya, tana magana da Girkanci, Polan da Cek da Kiyef kuma suna waje kamar yadda suke.